Mai rubuta abin da waya ke faɗa kafin a ɗora yatsa

A watan Mayun 2022 Apple da Google da Microsoft suka amince su faɗaɗa tsarin ƙawancen FIDO na shiga asusu ba tare da kalmar sirri ba, wanda suke kira passkey. A Oktoban 2023 WhatsApp ya sa shi a wayoyin Android, shi ke nan ya iso aljihun 'yan kasuwar Daura da ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke garin. A wannan tsarin, waya ce ke ƙera mabuɗai biyu, ta miƙa ɗaya ga kamfani, ta riƙe na sirrin. Yatsa ko fuska ko lambar buɗe waya, aikinsu kawai shaida wa wayar cewa mai ita ne.

Ni wanda ke burge ni shi ne mai zaɓen kalmomin da ke fitowa a fuskar wayar. Layi biyu kacal gare shi, kamar sankira a fada, dole na ƙarshen taro ma ya fahimta tun a jin farko.

Gwani ya san da wa yake magana. Mutumin Daura ya dangwala yatsa wajen BVN, ya dangwala wajen NIN da katin zaɓe, kuma duk ɗauke zanen aka yi aka adana. To in waya ta ce “sa yatsanka”, me zai hana shi zaton kamfanin Amurka ne zai kwashe? Sai gwani ya riga shi: “Zanen yatsanka ba ya barin wayarka.” Maganar lissafin mabuɗai kuwa ko kusa ba ya kawo ta. A kan abin latsawa yakan rubuta aikin da za a yi, “Shiga da yatsanka”, maimakon “Ci gaba” da ba a san inda ta nufa ba.

Yana kuma tuna cewa a gidaje da yawa waya ɗaya ce tsakanin uwa da 'ya'ya, har da ƙanin miji. Don haka yakan faɗa ƙarara cewa duk wanda ya san lambar buɗe wayar zai iya shiga asusun. Masu talla ba sa son wannan layin, amma da shi uwar gida za ta yanke shawara.

In kuma yatsa ya ƙi karɓuwa, kamar yadda kan faru lokacin hunturu da fata ke tsagewa, ba ya rubuta “Kuskure” ya yi shiru. Cewa yake: “Ba a gane yatsan ba. Goge shi ka sake, ko ka sa lambar wayarka.”