Darasin Insha'i da Rashin Mai Karatu

Darasin insha'i, kamar yadda ake bi da shi a makarantu da yawa, yana da wata illa wadda ba a cika kula da ita ba, watau rashin mai karatu. Yaro yakan rubuta labarin garinsu ko na ranar kasuwa, malami ya bi da jan alƙalami, a rufe littafi, shi ke nan. Da yake yaron ya san ba mai dubawa sai malami, ba ya damuwa ko maganarsa ta fita sosai. Ƙoƙarinsa duka na tsere wa kuskure ne.

An taɓa gwada wata hanya a Jihar Arewa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, ta ba wasiƙun masu karatu fili. Sa'an nan a zamanin Yaƙi da Jahilci hukumar NORLA, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, ta riƙa buga ƙananan jaridun larduna, kamar Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato. Hikimar abin ita ce, wanda ya san mutanen garinsu za su karanta maganarsa lalle ya auna ta kafin ya aika.

Amma hanyar nan tana da nata aibi ta wajen koyarwa. Kaɗan ne daga cikin masu rubutu ake buga nasu, kuma edita yakan gyara kuskure a ofis ba tare da mai wasiƙa ya san dalili ba. Gyaran da mutum bai ga yadda aka yi shi ba kuwa, ba ya ƙara masa ilmi.

Wayar hannu da intanet sun kawar da aibi na farko, gama yanzu kowane ɗalibi yana iya samun masu karatu nan take. Sai dai sun tafi har da editan. Saboda haka ake ta ganin "kasa" a wurin "ƙasa", da "baki" a wurin "baƙi", da "shine" a haɗe, ba mai cewa uffan.

Abin da ya kamaci malaman kwalejojin horon malamai shi ne su haɗa amfanin hanyoyin biyu. Aji ya kafa jaridarsa, ko a jikin bango ko a kwamfuta. Ɗalibi ya rubuta, 'yan ajinsu su karanta su tambaye shi inda ba su gane ba, malami ya nuna layin da kuskure yake ba tare da ya gyara ba, sa'an nan mai rubutun ya gyara da hannunsa kafin a fitar. Aikin ya fi jan alƙalami cin lokaci, amma malamin da aka horar haka zai san abin da zai nema wurin nasa almajiran.