Takardar Shelar Wasan Kwaikwayo: Madogarar da Manazarta Suka Yi wa Riƙon Sakainar Kashi

Tarihin wasan kwaikwayon Hausa, kamar yadda aka saba kawo shi, tarihin littattafai ne: daga Six Hausa Plays na R. M. East zuwa Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi. Illar wannan tsari ita ce barin wasan daɓe a baya, alhali ƙungiyoyi da dama ba sa rubuta wasanninsu. Labari kawai akan tsara, kowane ɗan wasa ya sa kalmomin bakinsa. Da zarar an watse, abin da kan rage a rubuce shi ne takardar shela, mai ɗauke da sunan wasa, ƙungiya, dandali, rana da kuɗin shiga.

A Ingila, tun 1587 aka ba John Charlewood izinin buga irin waɗannan takardu, kuma waɗanda suka tsira daga ƙarnonin baya sun zama ginshiƙin tarihin dandalinsu. A ƙasar Hausa kuwa, aikin sanƙira ne da mai shela, waɗanda maganarsu kan bi iska, kafin fasta ta shigo.

Jalingo, mazaunin Sarkin Muri kuma babban birnin Jihar Taraba tun 1991, ta isa misali. A garin da Fulani da Mumuye da Kona ke cuɗanya cikin Hausa, harshen da aka zaɓa a fasta, da yadda aka rubuta ƙ, ɗ da ɓ, hujja ce kan waɗanda ake gayyata da kuma matsayin Hausa a wajen gidanta. Wajibi ne sassan nazarin harsuna su tattara waɗannan takardu kafin damina da gara su riga su.