Jinjina ga Matan Tanderun Lantarki

Haƙiƙa ya wajaba a yaba wa matan nan na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda, ba tare da sun bar ɗakunan aurensu ba, suka naƙalci gashin kek a tanderun lantarki, har ya zamana kek ya sami mazauni cikin garar amarya kusa da alkaki da dubulan. Sana'a ce mai sharuɗɗa: a buga bota da sukari har su yi fari, a saki ƙwai ɗaya bayan ɗaya, a tankaɗe fulawa, a bar tanderu ya ɗau zafi tukuna, kuma haramun ne buɗe ƙofarsa kafin ƙullun ya tashi, domin nan take zai faɗa. Abin ta'ajibi, alhali ga madatsar Tiga da Gwamna Audu Baƙo ya gina a 1974 a ƙasar Bebeji, wuta takan ɗauke ana tsakiyar gashi. Sai ka ga gwanar, cikin natsuwa, ta zuba rairayi a tukunya, ta hura gawayi, ta ƙarasa aikinta, ta cika alkawarin masu biki kafin la'asar.