Gwanin Da Ke Tafiya a Baya

Kai matasa ashirin kan dutse ba abin mamaki ba ne, ƙarfinsu zai kai su. Abin da ke burge ni shi ne mutumin da zai kwashi ikilisiya guda, da yaran makarantar Lahadi, da iyayenmu na Zumuntar Mata, da dattijon da gwiwa ke damunsa, ya hau da su duwatsun Shere da ke gabashin Jos, ya kuma sauko da su kowa da fara'arsa. Birnin Jos kansa yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ƙololuwar Shere kuwa ta kai wajen mita 1,800. Wanda ya zo daga ƙasa mai zafi da shimfiɗa, tun a hawan farko zai ji numfashinsa ya sauya.

Aikin jagora yana farawa ne kwanaki kafin ranar fita. Shi kaɗai ko da mutum ɗaya zai bi hanyar da ƙafarsa, ya ga inda dutse ke da santsi, inda akwai inuwar da za ta ɗauki mutum talatin, da inda za a iya juyowa idan wani ya kasa. Zai je ya gaida mai unguwar ƙauyen da ke gindin dutsen, ya nemi izini, ya tambayi wurin da ba a so baƙo ya taka. Ya san cewa da damina hadari kan taso a Filato bayan rana ta karkata, kuma tsawa ba ta wasa da mai tsayuwa a kan fa, don haka ya fi son watannin hunturu, a tashi da sassafe bayan addu'a. Ya san kududdufan da haƙar kuza ta bari, masu kyan gani da zurfin da ba a zata, ba zai bar yaro ya matsa kusa ba. Hatta ƙyaranar da ake shinge gonaki da ita zai yi gargaɗi a kanta, domin ruwanta yana ƙona ido.

Amma asalin gwanintar tana bayan layi. Gogaggen jagora yakan sa mataimakinsa a gaba, shi ya koma ƙarshe, inda mai rauni yake. Daga nan yake ganin wanda ya fara jan ƙafa, da wadda ta daina hira, da yaron da takalmi ke cizo amma kunya ta hana shi faɗa. Ba zai ce "Mama, kin gaji" a gaban jama'a ba. Zai ce, "Mama, mu tsaya in ɗaure takalmina," ya miƙa mata gorar ruwa kamar ba komai. A ganina wannan ladabin ya fi sanin hanya wuyar koyo.

Yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa: hutu ba ya farawa sai na ƙarshe ya iso. In ba haka ba, masu ƙarfi za su huta su ƙoshi, na baya na isowa su miƙe, shi ke nan wanda ya fi bukatar hutun shi ne ba ya samu. Waƙa ma ma'auni ce a wurinsa. Idan aka ɗauko waƙar sujada ya ji muryoyi na yankewa, ya san an yi sauri, sai a rage. Sannu ba ta hana zuwa.

Da yawa daga cikin irin waɗannan mutane a Boys' Brigade suka tashi, ƙungiyar da William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883, wadda ta yi jijiya a majami'un COCIN da ECWA. Can suka saba da ƙirga mutane a kowane zango da kuma ɗaukar akwatin taimakon gaggawa.

Fitar keke ma haka take, sai dai hatsarinta mota ne. Kafin a tashi jagora zai duba birkin kowane keke da hannunsa, a jeru ɗaya bayan ɗaya a gefen titi, famfo da kayan faci suna wurin na baya. Gangara ta fi hawa ba shi tsoro.

Ina roƙon shugabannin majami'u, idan kuna da irin wannan mutum, ku haɗa shi da matasa biyu ko uku su riƙa bin sa a baya suna kallo, tun yana da ƙarfin hawa.