Bayan Ƙarar Bindiga: Tsofaffin Finafinan Holiwud a Idon Ɗan Komadugu

Duk wanda ya yi wayo a Diffa ko Maine-Sorowa ko Boso a shekarun 1980 da 1990 ya san cewa fim bai zo mana ta hanyar Yamai ba. Tsakaninmu da babban birni akwai kilomita kimanin 1,360, alhali Damasak tana tsallaken kogi, Maiduguri kuma tafiyar yini ce. Kaset ɗin bidiyo ya biyo turbar da tattasai da bandar kifi suke bi, sai dai su fita suke yi, shi kuwa shigowa. A cikin kayan da ake kwafowa daga Kano akwai na Indiya, da na ƴan Sin masu kareti, da Rambo da Commando, sannan can ƙarƙashin kwali akwai waɗansu tsofaffin finafinan Amurka na shekarun 1930 zuwa 1950, waɗanda muka haɗa su duka muka raɗa wa suna ɗaya: kaboyi. A kansu nake son mu tsaya. Ra'ayina shi ne mun kalle su rabi da rabi: mun ga doki da bindiga, muhawarar da ke cikinsu kuwa ta wuce mu. Muhawarar nan a kan ƙasa ce da ruwa da hukunci, wato abubuwa ukun da suka fi hana mutanen kwarin Komadugu barci.

Ba yau ƴan Nijar suka fara cuɗanya da waɗannan finafinai ba. A fim ɗin Jean Rouch mai suna Moi, un noir na 1958, samarin Nijar da ke ci-rani a unguwar Treichville ta Abijan suna kiran kansu da sunayen taurarin majigi. Umaru Ganda, tsohon sojan da ya yi yaƙin Indocin, shi ne Edward G. Robinson, akwai Tarzan, akwai kuma budurwar da ake kira Dorothy Lamour. Shi Gandan nan ne ya lashe babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972 da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. A 1966 kuma Mustafa Alasan ya fito da Le Retour d'un aventurier: wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi garinsu da faɗa da ƙwace. Zalika Sule tana cikin ƴan wasan, ita ce kuma Rahmatu Keita ta ba da tarihinta a Al'lèèssi a 2004. Tun kafin akwatin bidiyo ya shigo gidajenmu, Mustafa Alasan ya hango cutar: yaron da ya ɗauki malfa da bindiga ya bar ma'ana a baya, ƙarshensa ya zame wa garinsu annoba.

Bidiyo ya yi mana rana, ba a musu. Fim ɗin da sai mutumin babban birni yake gani a gidan silima ya iso tsakar gida da rumfar kallo, mata da ke kulle suka gani, ana kuma iya maimaita shi sau goma. Sai dai kaset ɗin da ya iso mana kwafin kwafi ne: hoto ya koɗe, murya ta shaƙe, magana kuma da Ingilishin Amurka wanda ko ɗan lakkol ba ya kamawa. Fim irin Commando bai yi asarar komai ba a wannan tafiya, don dama harbi ne jarinsa. Tsohon fim kuwa jarinsa magana ce, da shiru, da kallon da mutum yake yi wa ɗan'uwansa. Shi ya sa ake jin ƴan kallo suna cewa a tura gaba zuwa wurin faɗa, suna tsallake tuwo suna lasar miya.

Mu ɗauki Shane, wanda George Stevens ya shirya a 1953. A ido, labarin baƙo ne mai saurin hannu da ya sauka gidan wani manomi ya kare shi daga azzalumi. A ƙarƙashinsa akwai tarihi na gaske. Dokar Amurka ta 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili eka 160, kimanin hekta 65. A 1874 aka yi rajistar waya mai ƙaya. Manoma suka shinge dajin da shanu suka saba yawo a cikinsa, har abin ya kai ga zubar da jini a yankin Johnson na Wyoming a 1892. Wurin da ya fi daraja a fim ɗin shi ne daren da Ryker, mai garken shanu, ya tsaya ƙofar gidan manomi Starrett ya faɗi hujjarsa: shi ya riga su zuwa, shi ya sha wahalar dajin, yanzu kuma an zo an tare masa hanyar ruwa. Starrett ya tuna masa cewa shi ma ya tarar da waɗansu. Duk wanda ya taɓa zama zauren sarki ana shari'ar ɓarna, ko ana jayayya a kan burtalin da gonar tattasai ta cinye, ya san wannan zance farkonsa da ƙarshensa. Amma a nan tilas malami ya ja hankalin ɗalibansa: a Shane mai shanu shi ne attajiri mai hayar ƴan bindiga, a wurinmu kuwa sau da yawa makiyayi talaka ne wanda garken nan shi ne gonarsa da rumbunsa. In aka ɗauko fim ɗin aka kifa shi a kan Komadugu yadda yake, an zalunci Bafulatani. Ƙarshensa ma ban gamsu da shi ba: baƙo ya harbe mugaye uku ya hau doki ya tafi, kamar a ce maganar fili tana mutuwa da mutuwar mutum.

Saboda haka na fifita The Big Country na William Wyler, 1958, duk da tsawonsa ya kusan awa uku. Gidaje biyu masu shanu, na Terrill da na Hannassey, suna gaba a kan mashaya ɗaya da ake kira Big Muddy. Mai mashayar malamar makaranta ce, ta gaje ta daga kakanta, ta ƙi sayar wa ko wane ɓangare domin kowa ya samu ya shayar. Gregory Peck ya fito a matsayin baƙo, tsohon matuƙin jirgin ruwa, wanda ya ƙi yin dambe a bainar jama'a har aka kira shi matsoraci, sannan ya sayi mashayar bisa alkawarin ba zai hana kowa ruwa ba. Hujjar fim ɗin ita ce wadda dokokinmu na karkara suka tsaya a kai, ta 1993 da ta kiwo ta 2010: dabba tana da haƙƙin isa ga ruwa, mallakar rijiya ba ta halatta kisa da ƙishirwa. Akwai wurin da Peck da Charlton Heston suke dambe da asuba, na'urar ɗaukar hoto ta ja da baya can nesa har suka koma kamar tururuwa biyu a cikin fili. Da wannan hoto kaɗai Wyler ya ƙasƙantar da faɗan, ba tare da wa'azi ba. A ƙaramin allo mai koɗaɗɗen hoto wannan hikima tana ɓacewa, ƴan kallo su ɗauka mai ɗaukar hoton ne bai iya aiki ba.

In za a ce in zaɓi fim ɗaya rak da ko wace ƙungiyar al'adu za ta nuna, The Ox-Bow Incident ne, na William Wellman, 1943, wanda bai wuce minti 75 ba. Jita-jita ta shigo gari cewa an kashe wani makiyayi an kore shanunsa. Jama'a suka yi gayya, suka cimma mutum uku da shanu cikin dare, ɗayansu baƙo ɗan Meziko, ɗaya tsoho da hankalinsa ya fara gushewa. Mutum bakwai kawai suka ce a kai su gaban alƙali, cikinsu har da wani baƙar fata mai wa'azi wanda aka taɓa rataye ɗan'uwansa ba shari'a. Da gari ya waye aka rataye su. A hanyar komawa aka tarar da labarin cewa makiyayin yana raye, an kuma kama ɓarayin na gaske. Babu jarumin da ya ceci kowa. Henry Fonda kansa bai iya hana ratayewar ba. Ƙasar da ta ga abin da ya faru a Toda ta jihar Maraɗi a watan Oktoba na 1991, inda aka hallaka Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara, ba ta buƙatar a fassara mata wannan fim. Haka ma jihar da, tun harin Boso da Diffa na 6 ga Fabrairu 2015, zargi kaɗai yana iya raba mutum da garinsu. Gayya tana da daɗin shiga, amma igiyar da ta ɗaura ba ta kwantuwa.

The Searchers na John Ford, 1956, ya fi su duka kyawun hoto, ya kuma fi su nauyi a zuciya. Ethan, wanda John Wayne ya fito a matsayinsa, ya shekara biyar yana neman Debbie, ƴar ɗan'uwansa da ƙabilar Komanci suka sace. Tun tafiya ba ta yi nisa ba mai kallo zai gane cewa niyyarsa ta juya: tunda ta zama matar wanda ya sace ta, gara ya kashe ta da ya mayar da ita gida. Labarin yana da tushe a rayuwar Cynthia Ann Parker, wadda aka sace a 1836 aka ƙwato a 1860 ba da son ranta ba. Tambayar da fim ɗin ya ajiye ita ce wadda take gabanmu tun da aka sace mata da yara kusan 40 a Ngalewa a watan Yuli na 2017, tun kuma da tubabbu suka fara fitowa daga cibiyar Gudumariya: wadda ta dawo daga daji, ko da goyo a bayanta, wa zai buɗe mata ƙofa? A ƙarshe Ethan ya ɗauke ta cak ya kai ta gida, shi kuma ya tsaya waje, ƙofa ta rufe. Ford ya gane cewa gidan da ya karɓi yarinyar ba shi da wurin zaman mai ƙiyayya. Laifinsa shi ne bai ba ita Debbie bakin magana sosai ba, sarkin Komancin kuma Bature ne haifaffen Jamus aka shafa wa launi, ƴan ƙabilar Nabaho suka cike sauran gurabun.

Wannan laifi ya kawo mu ga fim ɗin da ya fi kusa da mu a suna, ya fi nisa da mu a gaskiya. Beau Geste na 1939, shi ma na Wellman, ya faru ne a wata ganuwar sojan Faransa da aka kira Zinderneuf, sunan da aka aro daga Zinder, wato Damagaram. Rairayin da ke cikinsa na kusa da Yuma ne a Amurka. Ƴan'uwa uku Turawa suna da suna da tarihi da hawaye. Buzayen da ke kawo hari kuwa inuwa ce kawai a kan tudu, ana harbinsu suna faɗuwa. Ɗan Nijar da ya tafa wa Gary Cooper a nan ya tafa wa wanda ya zo cin ƙasarsu. Ban ce a jefar da fim ɗin ba, gwanintar farkonsa, inda aka tarar da ganuwa cike da matattun sojoji a tsaye riƙe da bindigogi, abar koyi ce. Amma a nuna shi tare da tarihin Kawusan da kewayen Agadas na 1916 zuwa 1917, domin yaro ya san cewa inuwar nan ma tana da suna. Haka kuma kunyar da iyaye suke yaba wa waɗannan finafinai, rashin tsiraici da batsa, ta fito ne daga dokar tacewa ta Hays da aka tsananta daga 1934. Ita wannan doka, har zuwa 1956, ta hana nuna soyayya tsakanin baƙi da fari. Tsabtar da muke gani da wariyar da ba mu lura da ita ba, tukunya ɗaya ta dafa su.

Yau kaset ya zama tarihi. Kamfanin Funai na Japan, wanda ya rage yana ƙera akwatin, ya daina a 2016. Faifai ya zo ya wuce, fim ya koma cikin wayar hannu, kowa da nasa allon. Hoto ya yi kyau, amma zaman tare da ake yi a tsakar gida ya ragu. Ga malamai da ƙungiyoyin al'adu, shawarata a taƙaice take. A zaɓi fim ɗaya, a nemi kwafi mai fassarar Faransanci, a samu wanda zai riƙa bayani da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci. A tsayar da fim a daidai wurin da a da ake turawa gaba, a tambayi yara: wa ke da gaskiya tsakanin Ryker da Starrett? Da kana cikin gayyar nan, za ka shiga cikin bakwai? Wa aka hana magana a wannan fim? Sannan a rufe da na Mustafa Alasan, domin su ga yadda ɗan ƙasarsu ya kalli Holiwud ya mayar mata da martani da harshenta.

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. A sha'anin waɗannan finafinai kam ganin ya yi mana yawa, jin ne ya yi ƙaranci. Mutanen da suka shirya su sun daɗe da rasuwa, ba su kuma san akwai wani kogi da ake kira Komadugu ba. Amma tambayoyin da suka bari, na wa ke da ruwa, wa ke da hukunci, wa za a karɓa in ya dawo, suna nan suna jiran amsarmu.