Gandoki da Mutanen da Ba Su Komo Ba

Kudu da birnin Sinnar a ƙasar Sudan, a gaɓar kogin da ake kira Shuɗin Nilu, akwai wani gari mai suna Maiwurno. Duk wanda ya ji sunan ya san ba Larabci ba ne. Sunan wanda ya kafa garin ne, wato Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Attahiru ya fita da jama'a mai yawa ya nufi gabas, da niyyar kaiwa Makka. Sojojin Ingila suka bi sawunsa har Burmi a ƙasar Gombe, aka gwabza ran 27 ga Yuli na shekarar, ya faɗi a nan tare da ɗaruruwan mutanensa. Waɗanda suka tsira suka bi ɗansa, suka kama tsohuwar hanyar alhazai, wajen 1906 suka sauka a bakin Nilu. Jikokinsu da tattaɓa-kunnensu a can aka haife su.

Mai karatu zai yi mamakin abin da ya haɗa wannan tarihi da zancen littattafan aljanu da tafiya sararin sama, irin waɗanda yara ke ɓoyewa a ƙarƙashin tabarma don kada uba ya gani. Abin da ya haɗa su littafi ɗaya ne, Gandoki na Malam Bello Kagara. Jarumin littafin yana cikin mutanen da suka yi gabas bayan Burmi. Hanya ɗaya suka kama da mutanen Maiwurno, amma shi marubuci ya kai shi ƙasar aljanu, su kuwa tarihi ya kai su gonar auduga.

Littafin ya fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, lokacin yana shugabancin ofishin fassara da talifi a Zariya. A 1934 aka buga littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ƙanen Bello Kagara; Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa; Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo; Jiki Magayi na John Tafida na Wusasa tare da East; sai Gandoki. East da kansa ya rubuta a 1936 cewa ya sha wahala kafin ya shawo kan malamai su ɗauki alƙalami, gama a ganinsu ƙaga labari aikin mata da yara ne, tatsuniya ce ta dare, bai kamaci mai ilimi ba. Wannan ƙyama ba ta mutu ba, kuma ba a zauren malamai kaɗai take ba. A gidajen masu bi da yawa, in aka kama yaro da littafin da ke maganar aljanu, sai a ce ƙarya yake karantawa, ko ma a ce yana buɗe wa Shaiɗan ƙofa.

Damuwar iyaye ba abin raini ba ce, amma ya kamata a rarrabe tsakanin mai neman boka da mai karanta labari. Maƙaryaci yana so a gaskata shi. Mai ba da labari kuwa tun daga farko ya sanar da mai sauraro cewa ƙagawa yake yi, kamar yadda kaka ke buɗe tatsuniya da kalmomin da kowane yaro ya sani. A Littafin Mahukunta sura 9, Yotam ya sa itatuwa sun yi taro suna neman sarki, ba wanda ya taɓa zarginsa da ƙarya. Annabi Natan ma da ƙagaggen labarin 'yar tunkiya ya kama Dawuda. A Ingila kuma C. S. Lewis, wanda ya yi suna wajen kāre bangaskiyar Kirista, shi ne ya fitar da labarin tafiya wata duniya a 1938, ya kuma fitar da littattafan Narnia bakwai tsakanin 1950 da 1956. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa irin wannan littafi ita ce ko ya yi kyau, da kuma irin daɗin da yake ba mai karatu.

Rabin farko na Gandoki ya yi kyau ƙwarai. Gandoki da bakinsa yake ba da labari, tsohon mayaƙi ne wanda bai san tawali'u ba. Yana lissafa yaƙe-yaƙen ƙasar Kwantagora da Bida, da zuwan Gwamna Lugga, da yadda garuruwa suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Bello Kagara yaro ne sa'ad da Turawa suka ci Kwantagora a 1901, a ƙasar kuma ya tashi, don haka ba jita-jita yake rubutawa ba. Sunayen sarakuna da na garuruwa na gaske ne. Hausar kuwa ta maroƙa ce da makaɗa, cike da kirari, tana gudu kamar doki ya ga fili. Wanda ya karanta wannan sashe a zuci ya yi asarar rabinsa. Sai an ɗaga murya, da dare, jama'a na zaune, sa'an nan za a ji abin da marubucin ya yi.

Amma a cikin wannan rabi akwai wani abin da kirari bai iya ba. Komai ƙarfin jarumi, komai kaifin takobinsa, bindiga mai ruwa ba ta sauraron kirari. Tarihi ya riga ya faɗi yadda aka ƙare a Burmi, marubuci kuma ba shi da ikon ya sāke shi, gama a 1934 waɗanda suka ga ranar da idonsu suna da rai. To, a nan ne littafin ya juya. Gandoki ya yi gabas da ɗansa Garba Gagare, daga hanyar Makka labari ya bar duniyar da aka sani ya shiga ta aljanu da dodanni da sarakunan nesa, har wajen ƙasar Hindu. A can takobi ya sāke yin aiki. Rundunar da ta fi shi yawa sai ta watse, sarakuna su miƙa wuya, a ba shi 'ya'ya mata da dukiya.

Waɗansu masu nazari suna ganin wannan juyi aibi ne, wai littafi biyu ne aka ɗinke wuri ɗaya da zare mai kauri. Ɗinkin kam a fili yake, amma ba banza aka yi shi ba. Mutumin da aka kayar a gaban iyalinsa, in ya kwanta da dare, mafarkin da zai yi shi ne na filin da ba a kayar da shi ba. Rabin Gandoki na biyu mafarkin mutanen Burmi ne. Daɗin da ke cikinsa daɗin huce haushi ne, irin na wanda ya kasa rama mari a kasuwa ya komo gida yana ba yara labarin yadda ya taɓa kashe zaki. Wanda ya gane haka ba zai yi wa aljanun dariya ba. Zai ji tausayin mutanen da suka bukace su.

Aibin gaske yana wani wuri. Da zarar Gandoki ya shiga ƙasar aljanu, ba ya sāke faɗuwa faɗuwar da za ta tsorata mai karatu. Abokin gāba na biyu ya fi na farko girma, na uku ya fi na biyu, amma ƙarshensu ɗaya. Bayan 'yan shafuka zuciya ta daina bugawa, gama an riga an san wanda zai ci. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam yana shan duka da kunya, wani lokaci Malam Zurƙe ya yi masa wayo, shi ya sa ake bin labarin da ɗoki har ƙarshe. Bello Kagara ya ƙaunaci jaruminsa fiye da kima, ya hana shi rauni. Har wa yau, mutanen da Gandoki ke ci da yaƙi a can ba su da fuska. Arna ne kawai, an ajiye su don a sare su ko su tuba. Mai karatu wanda kakanninsa suna cikin waɗanda mahaya suka riƙa kira da wannan suna a ƙasar Zazzau ko Bauci zai ji wani abu ya tsaya masa a maƙogwaro, kuma yana da gaskiya. Ba dalilin ajiye littafin ba ne, amma dalili ne na karanta shi da ido biyu, musamman in yara na saurare.

Shekara 35 bayan haka, a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya. A ciki yaro ne mai suna Kilba, wani baƙo daga sararin sama, Kolin Koliyo, ya ɗauke shi ya yi sama da shi. Bambancin a bayyane yake. Gandoki ya tafi baƙuwar ƙasa don ya ci ta, Kilba ya tafi don ya gani. Na farko mafarkin tsohon da aka karɓe wa mulki ne, na biyu na ɗan makarantar da ke sa ran gobe. Dembo bai kai Bello Kagara zaƙin baki ba, amma yaron da ya gama littafinsa yakan fita waje ya ɗaga kai ya dubi taurari, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

A ƙarshen Gandoki jarumi ya komo gida. Ya tarar da ƙasa a hannun Turawa, yaƙi ya ƙare, zamani ya sāke, ya kuwa zauna lafiya da abin da ya tarar. Kada a manta ofishin gwamnatin Turawa ne ya shirya gasar ya kuma buga littafin, marubucin ma malami ne a makarantar gwamnati a Katsina. Da wuya a ƙare shi ta wata hanya dabam. Amma a wannan komowa ce littafin ya fi yin nisa da gaskiya, fiye da wurin aljanu.

Gama mutanen da suka yi gabas da gaske, yawancinsu ba su komo ba, da yawa kuma ba su kai Makka ba. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babbar gonar auduga ta Jazira, tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu. Gonar na bukatar hannuwa, alhazan ƙafa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Borno na bukatar guzuri. Sai suka tsaya tsinkar auduga don su tara kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda. Shekara ta zama goma, aka yi aure, aka haihu, aka binne iyaye. Ƙauyuka suka tsiro a gefen magudanan ruwa da kewayen Wad Madani. Mutanen ƙasa suka haɗa Bahaushe da Bafillace da Babarbare suka kira su da suna ɗaya, Fallata. Wani masani, Bawa Yamba, ya zauna da Hausawan Jazira ya rubuta littafi a kansu a 1995. Ya tarar da waɗanda aka haifa a can, aka haifi iyayensu a can, suna kiran kansu matafiya a kan hanya, ba su yarda sun iso ba.

Wannan ya fi duk abin da ke cikin rabin Gandoki na biyu ban mamaki, ya kuma fi shi nauyi. Gandoki ya ci ƙasashe da takobi, ba wanda ya tambaye shi takardar zama. A 2022 kuwa, a jihar Shuɗin Nilu, rikici ya tashi tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a kan ƙasa da sarauta, a wajen Damazin da Rusairis da Wad al-Mahi. Ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Tushen maganar shi ne ko mutanen da suka fi shekara 100 a wuri suna da ikon kiransa nasu. Sa'an nan yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya kai Wad Madani a watan Disamba na shekarar, ya shiga jihar Sinnar a 2024, jikokin masu hijira suka sāke ɗaura kaya.

Wani zai ce, in haka ne, ina amfanin littafin aljanu ga mutanen da ke cikin wannan hali? Amfaninsa bai wuce wanda ya yi wa mutanen 1934 ba: sa'a ɗaya ko biyu da mutum zai zauna a wurin da ba a kore shi ba, ya yi dariya, ya ji ana yi wa wani mai harshensa kirari. Ba ya ciyarwa, ba ya mayar da gona. Wanda ya taɓa kwana a tasha da iyali ya san darajar mai iya ba da labari a irin wannan dare.

Sai dai akwai wani shinge. Da boko aka rubuta Gandoki, yaran Jazira da Shuɗin Nilu kuwa da Larabci suke karatu a makaranta, da haruffan Larabci hannunsu ya saba. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum, a littafinsa na 1999 a kan Hausar Sudan, ya nuna yadda Larabci ya shiga cikinta ƙwarai. Yaron da kakan kakansa ya tsaya a Burmi, in aka miƙa masa littafin nan da ke ba da labarin ranar, mai yiwuwa ya juya shi ya mayar, sai in an sami wanda zai zauna ya karanta masa da murya.