A Juya Hoton Tukuna

Samarin da ke sana'ar haɗa hotuna a Birnin Kebbi sun ɗauko wata magana suna yayatawa, wai albam na takarda ya zama kayan tsofaffi. Duk mai son adana tarihin gidansu, a cewarsu, ya buɗe Canva ko CapCut a waya, ya jera hotuna, ya kewaye su da furanni, ya ɗora waƙa, shi ke nan. Hujjarsu gara ce da danshi da ambaliya. Ba ƙarya suka yi ba, domin duk wanda ya ga abin da ruwan 2020 ya yi wa gonaki da gidaje a fadamar Rima ya san takarda ba ta iya wa ruwa. Kuskurensu guda ne: sun ɗauka aikin albam bai wuce ajiyar fuskoki ba. Sun kalli gaban hoto, ba su taɓa juya shi ba.

Tarihin gajere ne. Hoto ya shigo ƙasar nan ta hannun Turawa da fadar sarakuna, sannan ya sauko situdiyo, inda ake zama gaban labule mai zanen bene, a karkata hannu don agogo ya fito. Daga baya masu hoto na yawo suka cika gidajen suna da na biki, da fim mai ɗaukar hoto 24 ko 36, a kai birni a wanke, a dawo da su cikin ambulan. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, mai kyamara ta biyo baya, sannan a 2012 kamfanin Kodak da kansa ya durƙushe. Tsakanin labulen situdiyo da durƙushewar Kodak ne albam ya yi zamaninsa, kuma a cikin wannan zamani aka ƙago dabarar da ta fi komai burge ni, wato rubutun bayan hoto.

A zaro hoto ɗaya daga albam na wata dattijuwa a Ambursa ko Argungu, a kifa shi. Sau da yawa hawa uku za a tarar. Na farko hatimin mai hoto ne, da tawada shuɗiya ko ruwan goro da ta fara ɓacewa: sunan shago da unguwa. Na biyu rubutun wadda ta ba da hoton ne, domin a da hoto kyauta ce, ƙawa kan aika wa ƙawa, ɗan makarantar kwana ya aika wa inna, da ɗan gajeren saƙo na kar a manta da juna. Na uku shi ne gwanin. Wani biro ne daban, wani hannu daban, wani lokaci ma ajami ne a ƙarƙashin boko, an zo bayan shekaru an ƙara kalma biyu ko uku: ta rasu da azumi, Allah ya jiƙanta. Ko kuwa: wannan jaririn shi ne yanzu alƙali. Takarda ɗaya, marubuta uku, kuma babu wanda ya goge na ɗan'uwansa.

Sai a lura da yadda ake sa kwanan wata. Ba kasafai matan nan ke rubuta lamba ba. Abin da za ka gani shi ne shekarar da aka yi jiha, wato 1991, ko shekarar canjin kuɗi, wato 1973 da naira ta karɓi fam, ko damanar da ruwa ya ci shinkafa, ko Su na ƙarshe kafin a daina, tunda bikin kamun kifi na Argungu ya tsaya bayan 2009 bai dawo ba sai 2020. Mai ilimin boko zai ce wannan rashin daidaito ne. Ni kuwa na ce ya fi lamba faɗin gaskiya, saboda ya ɗaure lamarin gida da lamarin gari. Waya kan rubuta maka rana da awa da daƙiƙar da aka ɗauki hoto, amma ba ta san cewa a makon nan ne farashin buhu ya tashi har aka rage tuwon suna ba. Ita ma lambar da take taƙama da ita, da zarar an tura hoton ta WhatsApp yadda kowa ke turawa, an matse shi, an share bayanan da ke tattare da shi. Ya isa wayar jika tsirara.

Akwai kuma aikin almakashi, wanda masu sukar albam ke kira ɓarna. Hoton ango da amarya, an yanke gefe guda, saura kafaɗa da yatsu uku masu lalle a kan babbar riga. Kowa a gidan ya san wace ce aka cire, kuma yaron da bai sani ba zai tambaya, a ce masa ya yi shiru, wanda shi ma amsa ce. Manhajar waya tana iya ɗauke mutum daga hoto ta cike gurbinsa da bango, sumul, kamar ba a taɓa aurenta ba. Almakashi na nuna fushi ya bar shaida; manhaja na yin ƙarya ta share sawu. Tsakanin biyun na san wanda marubucin tarihi zai gode wa.

Kuma albam bai taɓa zama na hotuna zalla ba. A tsakanin shafuka za ka ga katin ɗaurin aure, da kalandar biki an ninke ta huɗu, da yankan Gaskiya Ta Fi Kwabo mai ɗauke da sunan wani ɗan gida da ya ci jarrabawa, da guntun tikitin jirgin Makka. Yau filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yana nan Ambursa, daga nan ma jirgin farko na alhazan Najeriya ya tashi a 2024, kuma masu rakiya sun ɗauki hotunan da ba su ƙirguwa. Mafi yawansu a Status suka ƙare, wanda tun da WhatsApp ya kawo shi a 2017 awa 24 ce ransa. Sauran suna cikin memori, suna jiran ranar da za a sace wayar ko mai gyara ya ce sai an yi mata filashin. Masu cewa intanet ba ya mantuwa su tuna cewa Google Photos ya daina ba da wurin ajiya kyauta marar iyaka a Yunin 2021. Gara dai ba ta taɓa aiko wa kowa da takardar biyan kuɗi ba.

Waɗanda ke ƙyamar hoto don dalilin addini ba da su nake ba. Wannan muhawara ta malamai ce. Masu cewa littafin hoto mai sheƙi da situdiyo ke bugawa yanzu ya gaji albam, su ma ban yarda ba. An manne hotunan a shafi tun daga injin, ba su da baya, ba a zarowa, ba a ƙarawa. An gama maganarsa ranar da aka biya kuɗinsa.

Abin da na daɗe da riƙewa shi ne, albam littafin tarihi ne na mata. Je gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958: masu da takubba da tambura, labarin Kanta da Surame da sarakunan Kabi. Tarihin maza ne, kuma yana da masu gadi. Amma wa ya auri wa, wace ce ta yi yaji ta dawo, wane ne aka ba wa goggo riƙo a Gwandu, wa ya tafi ci-rani Ikko aka daina jin ɗuriyarsa, wannan duk a ƙasan adaka yake, cikin tsohon zane. Uwargida ce ke zaɓen wanda zai hau shafin farko da wanda za a cusa a bayan wani. Idan baƙuwa ta zo, kafin a kawo fura, sai a miƙa mata albam, uwargida ta matso ta ɗora yatsa tana bayani. Rubutun baya tunatarwa ce kawai ga wannan bakin. Hotunan waya kuwa na mai waya ne, yawanci saurayi, kuma a bayan lambar sirri suke.

Saboda haka wanda zai fara haɗa albam na waya ya fara, ban hana ba, musamman gidajen da ke bakin fadama. Amma kada ya fara da zaɓen furanni. Ya fara da zaro hotunan daga albam ɗin nan masu gam da leda, waɗanda zafin bazara ke sa su manne su yi ja. Ya ɗauki kowane hoto gaba da baya, ya tura wa dangi a matsayin fayil don kada a matse shi. Sannan ya zauna gaban dattijuwar, ya kunna naɗar murya, ya bar ta ta yi ta juya shafi, har da wuraren da za ta ja tsaki ta wuce.